A Bar 'Ya'yan Ƙasar Gumel Su Koyi Zane da Zayyana

Duk shekara, idan lokacin cike takardun neman shiga manyan makarantu ya zo, akwai wata muhawara da ake yi a zaurukan gidajenmu na ƙasar Gumel, tun daga cikin birni har Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, wadda ba ta kaiwa shafin jarida, alhali kuwa ta cancanci a kai ta. Yaro ne zai tashi Allah Ya hore masa hannu, tun yana firamare shi malami ke kira ya zana taswira a allo, shi ke rubuta sunan shago a bangon maƙwabta, ko kuwa yarinya ce wadda matan unguwa ke jeruwa a gabanta ranar ƙunshi; to, ran da ya buɗe baki ya ce yana so ya tafi Zariya ko Kano ya karanta zane da zayyana, sai mahaifinsa ya ɓata rai, baffansa ya ce wannan ai wasan yara ne, wani daga gefe ya ce haramun ne, a ƙarshe a zaɓa masa fannin da ransa ba ya so, ya yi shekara huɗu yana jan ƙafa, ya fito ya shiga sahun masu jiran aikin ofis. Ni ina ganin wannan hasara ce babba, ga yaron da ga ƙasar baki ɗaya, kuma ina so in kawo hujjojina a natse, domin na san iyayen da ke hanawa tsoro biyu ke damunsu, watau tsoron talauci da tsoron saɓon Allah, kuma kowanne daga cikinsu ya cancanci a amsa shi da ilmi da ladabi.

Galibin masu ƙin wannan karatu ba su taɓa leƙa ɗakin da ake yinsa ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe guda na zane da sassaƙa, akwai kuma wani sashe dabam na tsara fasalin kayan masana'antu, inda ake koyon zanen tufafi da rini da saƙa, da ginin tukwane da tangaran, da sarrafa gilashi, da tsara rubutu da hoto domin ɗab'i da talla. Irin wannan kuma ana samunsa, gwargwadon hali, a kwalejojin fasaha da na horar da malamai a Kano da Zariya da wasu biranen Arewa. Ɗalibi a shekararsa ta farko ba abin da zai fi yi kamar kallo da awo: a ajiye masa tulu ko kujera ko reshen itace a ce ya zana shi yadda yake, har ya gane inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, ya san dalilin da ya sa abu na nesa ke ƙanƙancewa a ido, ya rarrabe launukan da ke zaman lafiya da juna da waɗanda ba sa ga maciji. Daga nan sai a shiga hisabi da sanin ɗabi'ar kaya, yadda yumɓu ke tsukewa in ya bushe, da irin zafin da zai jure a tanderu, da rinin da ke kama auduga da wanda ke zuba a wankin farko, da kaurin harafin da ido zai iya karantawa daga cikin mota mai gudu. Akwai kuma wata al'ada ta waɗannan makarantu da na fi ganin fa'idarta a kan komai, ita ce a kafe aikin kowa a bango, malami da 'yan aji su taru su yi ta tsefe shi, mai aikin na tsaye yana kare kowane layi da hujja, in hujjarsa ta gaza ya koma ya sake. Wanda ya sha wannan horo shekara uku ko huɗu ya koyi haƙuri da karɓar gyara da gama aiki a kan lokaci, kuma waɗannan halaye ne da kowace sana'a ke nema.

To, mai tsoron talauci zai ce, duk mun ji, amma me yaron zai ci? Amsar tana cikin kasuwanninmu, ga duk wanda ya tsaya ya duba da idon basira. Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a watan Maris na 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya iske garin babbar matattara ce ta cinikin kanwa. Kafin nan kuma, a Kano, ya ga tufafin da aka saƙa aka rina aka buga a nan gida ana kai su har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. A wancan zamani mu ke noman audugar, mu ke kaɗa zaren, mu ke zaɓen launi da fasali, saboda haka riba tun daga gona har bakin kasuwa a hannunmu take zama. Yau kuwa a je kasuwar Maigatari ranar Alhamis a ga shanu da raƙuma da tumaki da awaki da ake shigowa da su daga Nijar da sauran wurare, a ga buhunan riɗi da zoɓo da manomanmu suka sha rana a kansu. Fatar akuyar nan za a jeme ta a masana'antun Kano a tura Italiya ko Sifen, can wani da ya yi karatun zane ya yanka ta ya ɗinka takalmi ko jaka ya manna suna, a sayar da ita ninkin ba ninkin abin da makiyayi da majemi suka samu. Zoɓon nan za a kai shi Meziko a buhu, riɗin a kai Japan da Turkiyya a buhu, ba suna, ba tambari, ba kwali mai kyau da zai gaya wa mai saye cewa daga Gagarawa ya fito. A je Kantin Kwari kuma a ga atamfa da shadda da leshi da matanmu ke sawa, a tambaya wa ya zana furannin da ke jikinsu. Za a tarar galibi daga Sin ko Holan ko wata ƙasar Turai suka zo, bayan masaƙun Kaduna, waɗanda aka fara kafawa a 1957, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Haƙiƙa a cinikin zamanin nan kaso mafi tsoka na wanda ya tsara fasalin abu ne, mai ɗanyen kaya kuwa sai abin da aka rage masa, kuma al'ummar da ta hana 'ya'yanta koyon tsara fasali ta zaɓa wa kanta zama mai ɗanyen kaya har abada.

Ba na cewa duk wanda ya gama wannan karatu zai yi arziki, kuma ba na ɓoye cewa kayan aikinsa suna da tsada, daga fenti da takarda har kwamfuta mai ƙarfi da ake bukata a yau. Abin da nake cewa shi ne, a cikin fannonin da ake karantawa a manyan makarantu, kaɗan ne ke sallamar ɗalibi da sana'a a hannu kamar wannan, ta yadda ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba zai iya kama shago ya buga riguna da kalanda da katin biki, ya tsara bangon littafi ga marubutanmu na Hausa, ya shirya ɗaki da sutura ga masu fim a Kano, ya zana wa maɗinki sabon aikin wuya, ko ya yi wa mai sayar da man gyaɗa kwalba da tambarin da za su sa a karɓi kayansa a manyan kantuna.

Saura tsoro na biyu, wanda ya fi nauyi, kuma ba ya halatta a yi masa riƙon sakainar kashi. Hadisai ingantattu sun zo a cikin Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, kuma babu Musulmin kirki da zai ji wannan gargaɗi ya kau da kai. Amma malamai tun da daɗewa sun yi tafsili a kan mas'alar, sun bayyana abin da nassi ya hana da abin da bai hana ba. An ruwaito cewa wani mutum da ke cin abinci da yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya nemi fatawa, sai ya gaya masa hadisin hani, da ya ga abin ya yi wa mutumin nauyi sai ya nuna masa mafita, ya ce ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakken gaɓoɓi, mai inuwa. Zanen abu mai rai da ke shimfiɗe a takarda ko tufa an sanya shi a babin karahiya ko barin abin da ya fi, ko da yake wasu malaman na wasu mazhabobi sun fi tsanantawa. Amma zanen itace da fure da gini da harafi da siffofin handasa, wannan galibin malamai sun tafi a kan halaccinsa. Idan haka ne, ashe yaron da zai karanta zanen tufafi ko tangaran ko gilashi ko tsara rubutu yana da fili mai faɗi da zai yi aiki a ciki duk tsawon rayuwarsa ba tare da ya kusanci shubuha ba, kuma abin da ya wajaba a kan uba shi ne ya zaunar da ɗansa gaban malami masani su tantance reshen da zai bi, maimakon ya rufe ƙofar duka da kalma ɗaya.

Bal ma dai magabatanmu sun wuce batun halacci, sun kai ga kwaɗaitarwa. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yinsu duka mutanen garin sun shiga laifi. Ibn Haldun a Muƙaddimarsa ya keɓe babi-babi ga gini da sassaƙa da saƙa da kyawun rubutu, ya nuna cewa sana'o'i suna kammala ne gwargwadon kammalar wayewar gari, suna kuma lalacewa da lalacewarsa. Nan gida kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, irin su maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba, har ya yi umarni a rarraba su ƙauyuka da unguwanni. Kuma wa ya ce ba mu san zayyana ba? Ga allon zayyana da ake yi wa mai sauka, ga Alƙur'anin hannu da alarammomi ke rubutawa da hattin Barno, da ja da ɗorawa da baƙi, kowane hizbi da adonsa, aikin da ƙasar Gumel ta sani sarai saboda daɗaɗɗiyar alaƙarta da Barno; ga aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga, ga dagi a bangon soro, ga zanko a kan gini, ga faifai da tabarmar kaba da matanmu na karkara ke saƙawa da launi uku ko huɗu ba tare da sun taɓa riƙe alƙalami ba. Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, da ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa na ƙasa da azara, har gobe masana gine-gine na duniya suna nazarin aikinsa. Wanda duk ya ce zane baƙon abu ne a wurinmu, to, bai dubi rigar da ke jikinsa ba.

A nan ne wani abu na tarihi ke ci mini rai. A 1955 aka ɗauko sashen koyon zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da harabarta ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai na wannan sashe, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce ba su yarda a koya musu zanen Ingila tsantsa kamar ba su da asali ba, suka ƙudura cewa kowa ya koma ya tono fasahar mutanensa ya haɗa ta da dabarun da ya koya a aji. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ya zana rayuwar Yarabawan Ikko, daga bisani kuma suka watsu suka shugabanci makarantun zane a Nsukka da Yaba, har sunan Zariya ya zama abin alfahari a tarihin fasahar Afirka. Wannan duka a tsakiyar ƙasar Hausa aka yi shi, a garin Babban Gwani, amma galibin waɗanda suka ci moriyarsa daga Kudu suka zo, mu kuwa da makarantar ke ƙofar gidanmu muka tsaya muna kallo. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, sun zo neman ilmi sun samu. Abin tambaya shi ne, yau shekara sittin da ɗoriya, su wane ne za su yi wa aska takwas da allon zayyana da zanen ƙwarya irin hidimar da Okeke ya yi wa uli, in ba 'ya'yanmu ba?

Sai dai kuma adalci ya sa in juya ga makarantun su ma, gama ba iyaye kaɗai ke da gyara ba. Muddin darasin tarihin zane zai fara daga Girka ya ƙare a Faransa, ya ba fasahar Musulunci da ta Hausa 'yan makonni kawai, muddin kuma za a tilasta wa kowane ɗalibi darasin sassaƙa mutum-mutumi ba tare da an ba shi zaɓi ba, to, uba na Sule Tankarkar yana da uzuri in ya yi ɗari-ɗari. Kamata ya yi a sa kyawun rubutun Larabci da ajami, da handasar ado ta Musulunci, da ginin ƙasa, da jima da dukanci, su zama darussa masu cikakken matsayi da maki, a kuma buɗe ƙofa ga gwanayen da ba su da takardar shaida su shigo aji su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Muna da misalai da ke nuna albarkar wannan haɗuwa. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, a wurin danginta ta koyi sana'arta. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta koyi juya yumɓu a kan na'ura da gasa shi da wuta mai tsanani, ba ta kuwa yar da zanen gidansu ba, har aka nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau ga hotonta a bayan naira ashirin. A ƙetaren iyaka kuma, Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi na ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Bayan shekaru, Mariam Kamara, 'yar Nijar da ta yi karatun zanen gini a Amurka, ita da abokiyar aikinta suka gyara tsohon masallacin Dandaji suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa, tare da maginan garin, aka gama a 2018. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya san awo.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tun da wuri. Indiya, da ta sami mulkin kai tana da miliyoyin masaƙa da maginan tukwane a ƙauyuka, ta kafa babbar makarantar tsara fasali a Ahmadabad a 1961, da niyyar ɗalibanta su yi wa ƙananan masana'antu da masu sana'ar hannu hidima, kuma yau tufafin hannu na Indiya suna shiga kasuwannin duniya da sunansu.

Abin da ya rage shi ne a fara daga tushe, domin yaron da bai taɓa samun malamin zane a firamare ko sakandare ba, da wuya ya san ma akwai irin wannan karatu, balle ya cika sharuɗɗan shigarsa. Muna da Kwalejin Ilimi a Gumel tun zamanin tsohuwar jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, kuma aikinta shi ne samar da malamai. Ina roƙon hukumarta da Ma'aikatar Ilimi ta jiha su ba horar da malaman zane da sana'ar hannu muhimmanci na musamman, a wadata su da ɗakin aiki da tanderu da masaƙa da kwamfuta, a kuma tabbata an tura waɗanda suka gama zuwa makarantun karkara. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu, idan za su raba tallafin karatu, su keɓe gurbi ko da biyu-biyu ne a shekara ga masu wannan fanni, maza da mata, su haɗa musu da kuɗin kayan aiki, gama kuɗin makaranta kaɗai ba ya isar ɗalibin zane. Ina roƙon majalisar Mai Martaba Sarkin Gumel, wadda ita ce uwar sarakunan sana'a tun asali, ta sa a tattara sunayen gwanayen ɗinki da jima da saƙa da gini da rubutun allo da suka rage a ƙasar, a haɗa su da ɗalibai su zauna a gabansu lokacin hutu su rubuta abin da suka sani, tun ba a wayi gari an rufe su da ilminsu ba. 'Yan kasuwarmu na riɗi da zoɓo kuma, su gwada ba yaran gida aikin tsara buhu da kwali da tambari, su biya su farashin da za su biya baƙo.

Kai kuma uba, da kai uwa, in Allah Ya ba ku ɗa ko 'ya mai hannu, kada ku yanke hukunci a zaure. Ku tambayi malamin da kuka amince da ilminsa a kan abin da shari'a ta hana da abin da ta bari, sa'an nan ku hau mota ku je Zariya ko Kano ku shiga sashen da kanku, ku ga abin da ake koyarwa, ku yi magana da malamansa da waɗanda suka gama suna cin abinci da shi. In kun gani kun gamsu, ku sa wa yaron albarka ku bar shi ya tafi.